Fentin Mai a Wurin Ɗaurin Aure

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da aka ɗaura auren ƙanwar matata ba, kuma ko na ce zan manta, mutanen unguwarmu ta Kilomita Biyar ba za su bar ni ba. Har yau in na ratsa Titin Koudoukou sai wani ɗan moto, mai babur ɗin haya, ya rage gudu, ya shafa haɓarsa yana kallona yana murmushi. Mutumin da ba ya wurin, bai ga komai ba, labari kawai ya ji a bakin masu shayi, amma shi ma sai ya shafa. Abin yana ƙona mini rai. Shi ya sa na ce bari in ba da labarin da bakina, tun da kowa ya ba da nasa har da ƙari.

Ni mai shagon kayan gyaran babur ne, haifaffen nan Bangui, mahaifina ne ya zo daga Damagaram. Magidanci ne ni, da mata da 'ya'ya, ba na shan komai, ba na yawon banza. Laifina ɗaya da unguwa ta kasa yafe mini: ina haɗa ƙananan motoci da jirage na roba. A kwali suke zuwa, gutsi-gutsi, sai ka yanko kowane yanki, ka goge bakinsa, ka manna da gam, ka yi fenti, har abu ya tashi kamar na gaske, sai dai a tafin hannu yake zama. Aiki ne na ido da natsuwa. Amma a wurin mutanenmu sunansa wasan yara. (Ƙaton da zai wuni a gindin mangwaro yana buga karta, shi ba wasa yake ba. Ni da nake zaune a gidana ban tare wa kowa hanya ba, ni ne mai wasa.)

Mutum ɗaya ne a duk unguwar yake da irin ciwona, wato abokina Idirisa. Yana aiki a wani kamfanin dakon kaya, shi ke sa a taho mana da kwalayen daga Douala. Shi ma haifaffen nan ne, Hausarsa rabi Sango ce, sauran rabin kuma Faransanci ya ci kaso. Mun yarda da juna a komai, ban da fenti.

Fenti iri biyu ne ga masu wannan aiki. Akwai na ruwa, wanda ake rubuta wa akirilik a jikin kwalba. Ka shafa, kafin ka shanye shayinka ya bushe, ka wanke burushi da ruwan buta, ba wari ba komai. Akwai kuma na mai, inamel, mai zuwa a 'yan ƙananan gwangwanaye. Shi yana da wari, yana da nawa wajen bushewa, kuma ruwa ba ya cin sa, sai fetur ko wani mai. Amma fa in ya kwanta ya kwanta: sumul, ba sawun burushi, yana sheƙi kamar sabuwar mota. Na ruwa kuwa, a zafin garin nan, tun yana kan burushi yake fara bushewa, ya bar maka layi-layi, in ka gama abu ya fito dusu-dusu. Idirisa ɗan na ruwa ne. Ni ɗan na mai ne, kuma ku ji da kyau, duk da abin da zan ba ku labari, har gobe ɗan na mai ne.

Sai maganar surukina, Baba Alhaji Mamman, mahaifin matata Hajara. Mutumin Maraɗi ne, ya zo ƙasar nan da ƙuruciyarsa, ya ƙarar da ƙarfinsa a hanyar Bangui zuwa Douala da babbar mota mai bodin katako. Tasa ce ta kansa. Kanta kore, bodinta ja, a goshinta an rubuta "Sannu a Hankali" da rawaya. Lokacin da gari ya rikice aka ƙone ta ƙurmus, kuma tun daga nan ba wanda ya ƙara jin ya ambace ta. Dattijo ne mai ƙarancin magana, da farin gemu har ƙirji, wanda yake tajewa yana sa masa turare kullum safe.

Bai taɓa zagina ba. Da ma zagina yake yi, da na san ya san da ni. Shekara da shekaru ina zuwa in durƙusa a bakin zaure in gaishe shi, ya amsa idonsa na kan carbi. Mijin yayar Hajara, mai sitoron shinkafa da sukari, yana sallama za ka ji an ce, "Bismillah, hawo darduma." Ni kuwa iyakata bakin tabarma, kusa da takalma. Wata rana ina tsaye a waje na ji ya tambayi Hajara, "Mijin naki har yanzu shina wasan nashi?" Maganar nan ta tsaya mini a ƙirji. Ba dukiyarsa nake so ba, ba komai nasa ba. Darduma nake so, ko da gefenta ne.

Da aka sa ranar auren ƙanwar Hajara sai dabara ta faɗo mini. Na ce zan dawo wa Baba Alhaji da motarsa. Hajara ta aro mini hotonta guda ɗaya da ya rage a wurin mahaifiyarsu. Idirisa ya samo mini kwalin wata babbar mota da kanta ya yi kama da na tasa. Bodin kuwa babu irinsa a kwali, da hannu na yi shi, da siraran katako ɗaya bayan ɗaya, har da tsanin hawa, da tankin mai, da 'yar butar da direbobi ke ratayewa a gefe. Duk tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba. Aikin katakon nan ne ya cinye mini lokaci, har satin biki ya kama ban taɓa fenti ba.

Idirisa ya zo shago ya same ni na jera gwangwanaye uku a kan kanta: kore, ja, rawaya.

"Ita," in ji shi (haka masu Sango ke kiran ɗan'uwa), "damina fa muke. Dubi sama. Wanki ma ba ya bushewa, sai fentin mai? Ka sa na ruwa, ka bi shi da berni ya ba ka sheƙin da kake so, wala, shi ke nan, ka huta."

Na ce, "Motar Baba Alhaji zan shafa wa ruwan kala kamar ɗan firamare? Motar gaske da fentin mai aka yi mata. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana goge ta, kallo ɗaya zai yi ya gane."

"To ka sa shi siriri. Yeke yeke, a hankali. Shafi ɗaya ya bushe kafin ka ɗora na biyu."

"Jikin gwangwani ya ce wuni guda ya isa."

"Wanda ya rubuta ya taɓa zuwa Bangui?"

Na ce masa hassada ce ke damunsa, don bai taɓa yin abin da ya yi sheƙi ba a rayuwarsa. Ya ɗaga kafaɗa ya hau babur ɗinsa.

Na yi shafin farko, katakon ya shanye shi kamar bai gani ba, jan ya fito kamar ruwan zoɓon da aka tsinka. Raina ya ɓaci. Ban jira komai ba na ɗora na biyu mai kauri, na bi da na uku. Kan motar ma na kwarara masa kore har ina ganin fuskata a ƙofa. Rubutun goshi da tsinken sakace na yi shi, harafi-harafi, ina riƙe numfashi. Wallahi da na gama na ja da baya na kalle ta, sai da na ji tsigar jikina ta tashi. Ita ce, ba wata ba.

Hajara ce ta fara kawo ƙara. "Baban Amina, warin nan fa ya shiga har cikin gozo. Yara sun ce tuwon rogo yana ɗanɗanon gareji." Don a zauna lafiya, kuma don kada ƙuda ya sauka a kan aikina, na sa motar a kwali na rufe ruf, na ɗora a saman kabad. (Wanda ya san fentin mai ya san abin da na aikata ke nan: na hana shi iska. Ni ma na sani. A lokacin ne dai sanin ya tafi yawo.) Ruwa kuwa ya ce bismillah, yau a yi, gobe a yi, bango har gumi yake.

Ranar Juma'a da safe na buɗe kwali, na ɗan taɓa rufin motar da kan yatsa, taɓawar mai jin tsoron amsa. Bai kama ni ba. Na ce alhamdu lillahi. Ashe saman ne kawai ya yi fata, kamar kunun da ya huce, cikin yana nan ɗanye shar.

Hajara tana ɗaura ɗankwali ta ce, "Da ka bari bayan biki ka kai masa, kai da shi kawai."

Na ce, "Shekara nawa ana raina ni a gaban mutane? A gaban mutane za a gyara."

An kafa rumfar tamfol a ƙofar gidan Baba Alhaji. Hadari ya haɗo, cikin rumfar ya yi duhu-duhu. Dattawan unguwa sun cika darduma da tabarmi, kowa ya sha farar shadda, don shirin shi ne ana tashi daga nan a wuce Masallacin Koudoukou sallar Juma'a. Baba Alhaji na tsakiya cikin sabuwar babbar riga fara ƙal, wadda aka ɗinka musamman don ranar. A damansa Malam Sule ne, limamin ƙaramin masallacin layinmu, abokinsa tun zuwansu ƙasar nan. Aka yi siga, aka ɗaura aure, Malam Sule ya ce a raba goro kafin a rufe da addu'a. Na ce ga lokacina.

Na rarrafa da kwalina har gaban darduma, na ɗago motar ta tayoyi (tayoyin roba ne, ba fenti, ni na san inda ake riƙe abu), na ajiye a gabansa.

"Baba, ga ɗan abin da na yi maka."

"Mi ne ne wanga?" ya ce, bai ko ɗago ba sosai. Sai ya sake kallo. Carbin ya tsaya a hannunsa. Na ga leɓensa yana motsi, yana karanta rubutun goshin.

Malam Sule ne ya fara magana. "Masha Allah! Mamman, ai motarka ce! Wallahi ita ce, har da butar!"

To, a wurinmu ba a kallon kyauta da ido kawai. In aka kawo wa babba abu a cikin taro, sai ya zaga hannun kowa, kowa ya juya shi, ya yaba, ya sa albarka, sannan ya koma ga mai shi. Na san da wannan, a cikinta aka haife ni. Abin da ban yi zato ba shi ne irin riƙon da za a yi mata. Malam Sule ya cafke ta a ƙugu da hannu biyu, ya juya ta, ya danna ƙofa da babban yatsa ya ga ko tana buɗewa. Ya miƙa wa na kusa da shi, shi kuma ya matsa bodin ya ji ko katakon gaske ne. Na gaba ya kife ta ya leƙa cikinta. Don Allah ku gaya mini, mota ce ko mangwaro, da sai an latsa an ji ko ya nuna? Haka ta bi layi, hannu zuwa hannu, ana ta "Masha Allah" da "Tabarakallah", wani na cewa a cikinta ya fara zuwa Douala, wani na cewa ita ta kawo kayan ɗakin matarsa.

Ni kuwa a lokacin ba hannun kowa nake kallo ba. Fuskar mai sitoron shinkafa nake kallo, ina jin daɗin yadda ta koma. Kaina ya fasu har hulata ta matse ni.

Daga ƙarshe ta iso ga Baba Alhaji. Ya karɓe ta a hankali, ya daɗe yana kallo, sannan ya rungume ta a ƙirji, gemunsa ya kwanta a kan bodin. Idonsa ya kawo ruwa. Mutumin da ko ranar da aka ƙone motar ba wanda ya ga hawayensa. Ya ɗago ya dube ni, ido cikin ido, karo na farko tun da na auri 'yarsa, ya daki darduma da tafin hannu.

"Taho nan," ya ce.

Na ɗora gwiwa ɗaya ke nan a kan dardumar da na yi shekaru ina hange, Malam Sule ya ce, "To, jama'a, mu yi addu'a," ya ɗaga hannu.

A nan na gani. Ina dab da shi, tafinsa a buɗe a gabana: kore shar, yatsunsa ja, ga ɗigon rawaya a gindin babban yatsa. Na waiga dama, na waiga hagu. Duk hannun da aka ɗaga a layin gaba haka yake. Su kuwa bayin Allah sun sunkuyar da kai, wasu sun lumshe ido, damshin da suke ji a hannu sun ɗauka gumin damina ne.

Yanzu masu ba da labarin nan suna cewa wai me ya hana ni magana. Ina so wanda ya fi kowa baki a cikinsu ya zo ya gwada. Ka katse liman a tsakiyar addu'a, a wurin ɗaurin aure, a gaban surukinka, da gwiwarka ɗaya a kan dardumarsa, ka ce, "Jama'a, kada wanda ya shafa"? Na buɗe baki, wallahi na buɗe. Abin da ya fito shi ne "amin". Malam Sule kuwa ranar ya ji daɗin addu'a. Ya yi wa amarya, ya yi wa ango, ya yi wa iyaye, ya roƙa wa gari zaman lafiya, ya roƙa wa waɗanda suka tafi ba su dawo ba, har ni sai da ya sa, ya ce Allah ya ƙara wa hannun nan nawa albarka. Duk ina amsawa da amin, gumi na bin bayana. Na hango wani baƙon ɗan kasuwa daga Kano ya buɗe ido, ya ƙura wa tafinsa ido yana yamutsa fuska, na ce yauwa, ga wanda zai cece ni. Ina! Aka ce "Fatiha", aka karanta, aka ce amin, hannunsa ya tafi fuska bai nemi izininsa ba.

Gaba ɗaya suka shafa, daga goshi har haɓa, wasu har da sake bi ta kan gemu don albarka ta game.

Malam Sule ya buɗe ido da koren layi daga gindin rawaninsa zuwa kan hanci, kumatunsa ja. Ya juya zai yi wa abokinsa murna, sai ya tsaya baki sake.

"Mamman, me ya sami gemunka?"

Baba Alhaji ya dube shi ya ce, "Abin da ya sami goshinka, Malam."

Ya yi niyyar ajiye motar, ta ƙi barin rigar. Sai da ya ja, ta ɓanɓaro da wata 'yar ƙara kamar an cire filasta, ta bar hotonta a ƙirjin farar shadda, da tsani da komai, ita kuma ta tafi da gashin gemu a jikinta. Kafin nan mutanen baya, waɗanda motar ba ta kai gare su ba, sun riga sun taso suna musabaha da na gaba, ana ta Allah ya sanya alheri, kowa na karɓar rabonsa. Wani ya ƙwala kira a kawo ruwa. Aka kawo butoci. Ruwan ya bi ta kan fentin ya wuce abinsa, masu gogawa kuma suka ƙara baza shi har kunne.

Sai ga Idirisa ya kutso yana ɗaga hannu. "Ba ruwa! Ba ruwa! Fentin mai ne, ruwa ba ya cin sa! Esans, fetur, a kawo esans!" Da ya zo wucewa ta kusa da ni ya rage murya ya ce, "Da na ruwa ne, ita, da tun shekaranjiya ya bushe." A irin wannan lokaci! Da ba don idon mutane ba da na shaƙe shi.

Wani dattijo ya ce, "Allah gafarta Malam, to yaya alwala?" Malam Sule, da koren hancinsa, ya gyara zama ya ba da amsa cikin natsuwa: wanda alwalarsa ke nan tana nan, wanda kuma zai sake sai ya cire fentin tukuna, don ruwa ba zai taɓa fata ba. Ashe fiye da rabinsu sun bar alwala sai an tashi. Ga lasifikar babban masallaci ta fara karatu. Aka ruga bakin titi aka kwaso kwalaben fetur daga masu sayarwa. Aka aika cikin gida a kashe turaren wuta, a ja murhu baya, kada a haɗa biki da gobara. Saƙon nan shi ya kai wa mata labari. Ina ji guɗa ta tsaya, sai dariya ta ɓarke kamar za a tsaga katanga. Can sai ga kwanon man gyaɗa daga surukata, na suyar biki, da tsummoki, ta ce fetur a hannu kawai, kada wanda ya kai shi kusa da ido.

Kowa ya sami mai goge masa, ban da Baba Alhaji. Ba wanda ya yi ƙarfin halin matsawa. Yana zaune ƙyam, gemun nan da ake sa wa turare ya koma kore da ja, ya dunƙule. Ya dube ni.

"Kai ka shafa," ya ce, "kai za ka goge."

Ni da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba don kunya, yau ga ni durƙushe, gemun surukina a hannun hagu, tsumma a dama, ina murza masa man gyaɗa a gaban dattawan Kilomita Biyar da dangin ango. Na roƙi ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi. Ina ta "Yi haƙuri, Baba, sannu, Baba," shi kuwa ya kafe idonsa a saman kaina. Mai sitoron shinkafa ne ya riƙe mini kwanon man, ya yi fuskar tausayi, kafaɗunsa na rawa. Jan ya fita. Koren kuwa ya ce bai san zance ba, sai ma ya bazu, gemun gaba ɗaya ya koma launin ganyen kabeji. Da lokaci ya ƙure, Baba Alhaji ya ce a kawo almakashi. Shi ya yanke da hannunsa, ya bar ɗan abin da bai kai rabi ba, ya shiga ya sako tsohuwar riga.

Haka muka cika sahu a Masallacin Koudoukou, fuskoki na ƙyalli, muna ƙamshin fetur da ƙosai. Na ga wani bawan Allah a gefena yana ta shinshina iska yana duba ko'ina.

Yanzu bari in faɗi abin da ke raina, don an ɗora mini laifin nan ni kaɗai kuma ban yarda ba. Ina laifin wanda ya zauna a ƙasarsa mai sanyi da busasshiyar iska ya rubuta "wuni guda" a gwangwani, ya turo mana nan inda gishiri ke narkewa a kwano? Ina laifin masu latse-latse? Ko jariri aka miƙo musu haka za su matse shi? Idirisa kuma, in da gaske aboki ne, ai da ya zo ranar Alhamis ya duba, ba ya ɗaga kafaɗa ya tafi ba. Nawa laifin, in an matsa, shi ne shafi uku da rufe kwali. Da ƙin jin maganar Hajara. Da son a gani. Shi ke nan fa.

Na daina bin layin gidansu, sai in zaga ta bayan kasuwa. Hajara ta yi kwanaki ba ta yi mini magana ba, daga baya kuma ta koma abin da ya fi wannan ciwo: tana cikin aiki sai ta tuna, ta zauna ta yi dariya har da riƙe ciki. A haka har damina ta ja baya. Ran nan ta dawo daga gida ta ce Baba na kirana bayan la'asar.

Na je na durƙusa a wurina na da, kusa da takalma. Gemunsa ya fara dawowa, fari. Motar tana kan wani ɗan teburi a gefensa, inda rediyonsa ke zama a da. Ta bushe ƙarau yanzu, ta yi tauri, amma duk jikinta sawun yatsu ne, kan da bodin, kowanne ya fito raɗau da zanensa. Na ji kamar in yi kuka don takaicin aikina.

Na ce, "Baba, a ba ni ita in kankare in sake mata fenti. Na ruwa zan sa, gobe ma a kawo maka."

"Kar ka taɓa ta."

Ya ɗauko ta ya ɗora a cinya, ya sa tabarau. "Wanga babba na bisa rufi, na Malam Sule ne. Wanga mai tabo, na Alhaji Bukar ne, injin niƙa ya ci mai yatsa. Ga na Sani tela." Ya bi su ɗaya-ɗaya yana kiran sunaye, bai yi kuskuren ko ɗaya ba. "Da muna da yawa a unguwar ga. Da gari ya ɓaci, wasu sun tahi, wasu an kai su makwanci. Waɗanga su ne munka rage. Ka haɗa mini su wuri guda, ka ce za ka kankare?"

Na sake duban sawun yatsun nan.

"Amma ƙofar hagu ba haka take ba," ya ce. "Tana da lotsawa. Wata saniya ce ta yi mata a hanyar Bouar. Matso in gwada maka."

Ya ja jikinsa gefe, ya bar mini wuri a kan darduma. Na hau, da gwiwa biyu wannan karon. Ya ba ni labarin saniyar, da na gadar da ta karye, da na shekarar da ya kwana uku a cikin taɓo, har aka kira magariba. Hajara ta ce ita kanta ba ta taɓa jin ko ɗaya daga ciki ba.

Da zan tafi ya miƙo mini ƙunshi a leda. "Ga tukuicinka." Na karɓa da hannu biyu ina godiya, zuciyata fari ƙal. Sai da na isa gida na buɗe. Babbar rigar ce, an wanke an goge, ga motata kwance a ƙirjinta da tsani da komai. Kuma kun san rigar da suruki ya ba ka ba a ajiye ta a akwati, sai ya gan ta a jikinka. Na sa ta Juma'ar da ta biyo, na ratsa Titin Koudoukou da ƙafa, ba ɗan moton da bai yi mini hon ba.

Abin da na koya ba shi da yawa. Fentin mai ya fi kyau, wannan ko a gaban alƙali zan faɗa, kuma Idirisa ya ci gaba da shafa ruwan kalarsa. Sai dai duk abin da zai shiga hannun dattawa kafin a shafa Fatiha, a yi masa na ruwa. Baba Alhaji kuwa har yau bai kira ni da sunana ba. In na yi sallama sai ya ce, "Mai-fenti ne? Nuna hannunka." Sai na buɗe tafina ya duba gaba da baya, sannan ya matsa mini.